La'adar Dillali A Kan Kyautar Talaka

Jama'a masu karatu, mas'alar da za mu duba a wannan mako ta shafi 'yan kuɗi ne ƙalilan, irin waɗanda wani ba ya ko waiwaya in sun faɗi daga aljihunsa, amma kuwa a ƙarƙashinsu akwai magana mai nauyi ta amana da alkawari. Ga yadda ta ke. Mutum ya ji waƙar wani sha'iri, ko ya karanta littafin wani marubuci, abin ya ratsa shi, ya yi niyyar taimaka masa da ɗan abin da ya samu domin ya ci gaba da aikinsa. Da ya ke ba gari ɗaya su ke ba, sai ya bi ta hannun wani, watau banki, ko mai POS, ko kuwa wani dandali na intanet wanda sana'arsa ke nan tara wa masu fasaha karo-karo. Shi wannan na tsakiya sai ya yanki rabonsa, ya miƙa saura. To, ina iyakar abin da ya halatta ya yanka? Kuma in yau ya ce kaza zai ɗauka, har mutane suka saba suka dogara da shi, yana da iko gobe ya wayi gari ya ce ya ƙara?

Tun da fari bari mu kawar da wani abu gefe guda. Ba hukuncin kiɗa da waƙa muka zo tattaunawa ba, malamai sun yi maganganunsu a kai tun da daɗewa, kowa da hujjarsa. Wanda bai yarda da kalangu ba, to, ya sa mai waƙar wa'azi a zuciyarsa, ko mai rubuta Alƙur'ani da hannu, ko mai zayyanar allo. Hukuncin na tsakiya dai ɗaya ne, ko wa aka nufa da kyautar.

A ƙasar Hausa ta dā, hanya biyu ce ke gaban mai fasaha. Ko dai ya kama ubangida ɗaya, sarki ko hakimi ko attajiri, a ba shi gida da doki da riga da hatsin shekara, shi kuwa ya ba da harshensa. Haka Ibrahim Narambaɗa ya zauna da Sarkin Gobir na Isa. Wannan hanya tana da rufin asiri, amma tana da takunkumi, domin mai ci daga akushi ɗaya ba ya faɗin aibin mai akushin. Ko kuwa ya kama jama'a. Mu mutanen Tsiga da kewaye ba sai an ba mu labari ba, gama Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya zauna a nan Bakori a ƙuruciyarsa kafin ya koma Funtuwa. Yana da manyan iyayengiji, Sarkin Daura Muhammadu Bashar na gaba cikinsu, amma bai rataya a wuyan ko ɗaya ba. Direbobi da mahauta da fatake da manoman auduga kowa yana jefa nasa. Ko mutum yana son sana'arsa ko ba ya so, ya san cewa yawan hannuwan da ke ba shi ne ya hana kowa sa masa linzami. A wani ɓangaren kuma ga Malam Aliyu Namangi na Zariya, wanda makafi suka ɗauki waƙarsa ta Imfiraji suka zaga da ita ƙofa-ƙofa, ana ba su kwabo da sisi da ragowar tuwo, har ta kai lungunan da littafin bai taɓa shiga ba.

Karo-karo ga mai fasaha kuwa ba baƙon abu ba ne gare mu, muna da sunansa, shi ne ajo. In makaɗi zai yi aure, ko zai sake rufin ɗaki, sai ya sa rana ya gayyaci masoyansa, a taru a fili, kowa ya ba da abin da ya iya. A nan ma akwai na tsakiya, watau sanƙira, mai karɓar kuɗin ya ɗaga ya faɗi sunan wanda ya bayar. An san yakan ƙara gishiri, ya mai da sule goma fam biyar a bakinsa, an kuma san yana da rabonsa in an tashi. Amma ku lura, kome a sarari a ke yinsa. Mai bayarwa na gani, mai karɓa na gani, rabon sanƙira kuma al'ada ta riga ta yanke shi. Da zai tsaya a tsakiyar ajo ya ce daga yanzu duk wanda ya ba da sule sai ya ɗora masa taro, da ba a watse da shi lafiya ba.

Saka wa mai fasaha yana da asali a wurinmu. Masu tarihi sun kawo cewa sa'ad da Ka'abu ɗan Zuhairu ya zo Madina yana mai tuba, ya rera ƙasidarsa a gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya tuɓe mayafinsa ya yafa masa. Shi ne kuma, a hadisin da Muslim ya ruwaito, ya yi umurni da a watsa ƙasa a fuskar masu wuce iyaka wajen yabon mutane. In muka haɗa biyun sai mu ga abin ƙi shi ne fasaha ta koma bambaɗanci don neman abin hannun mai iko. Saboda haka duk hanyar da za ta ciyar da mai fasaha ba tare da ta tilasta masa durƙusawa gaban mutum ɗaya ba, hanya ce da ya kamata a kiyaye ta.

Zamani ya juya. Kaset ya wuce, faifan CD ya bi bayansa bayan masu satar fasaha sun gama tsotse shi, sai masu waƙa da masu shirin fim suka koma intanet. Shirin nan na Izzar So, wanda Lawan Ahmad ya fara a 2020, a tashar YouTube mai suna Bakori TV ya fito, ita kuwa YouTube tsarinta a kan irin waɗannan shirye-shirye shi ne ta riƙe kashi 45 cikin 100 na kuɗin talla ta ba mai tasha 55. A shekarar nan ta 2020 ne kuma aka yi ajo mafi girma da muka taɓa ji a wannan yanki, ko da ya ke ba a fili aka yi shi ba. Dauda Kahutu Rarara, mutumin Kahutu ta ƙasar Ɗanja maƙwabtanmu, ya ce ba zai saki sabuwar waƙa ga Shugaba Muhammadu Buhari ba sai magoya bayansa talakawa sun tura masa naira 1,000 kowannensu. Jaridu sun ruwaito cewa cikin kwana biyu an tara masa naira miliyan 57. An yi ta ka-ce-na-ce a kai, wasu na ganin wauta ce, wasu na ganin ƙauna ce. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, an gwada an gani cewa dubban ƙananan hannuwa suna iya yin abin da dā sai gwamna ko babban ɗan kwangila.

A Amurka an mai da wannan abu sana'a mai tsari. A 2013 wani mawaƙi mai suna Jack Conte da abokinsa suka kafa dandalin Patreon, inda mutum zai yi alkawarin ba wani mai fasaha ɗan abu kowane wata, dala ɗaya ko biyu ko biyar, dandalin ya tattara ya miƙa, ya ɗauki kashi 5 cikin 100, a kuma cire kuɗin masu katin banki daga rabon mai fasahar. Masu zane da marubuta da mawaƙa da yawa suka bar ayyukansu suka dogara da wannan. Kwatsam a farkon Disamba 2017 sai kamfanin ya ba da sanarwar cewa daga tsakiyar watan mai bayarwa ne zai riƙa biyan caji, kashi 2.9 cikin 100, da kuma santi 35 a kan kowane alkawari komai ƙanƙantarsa. Hujjarsu ita ce, ta haka mai fasaha zai san tabbas kashi 95 cikin 100 na abin da aka yi masa alkawari zai shigo hannunsa. A takarda maganar ta yi kyau. Amma a yi lissafi. Mai ba da dala 100 zai biya dala 103 da santi 25. Mai ba da dala ɗaya zai biya dala ɗaya da santi 38. An ɗora wa mai ƙarfi kashi 3 da 'yan kai, an ɗora wa mai rauni kashi 38. Wanda ya raba dala goma ga mutum goma, don ya taimaki kowa da kaɗan, shi ne aka fi hukuntawa, sai ka ce laifi ya yi. Nan da nan masu dala ɗaya suka fara janye alkawuransu, masu fasaha suna kallon abincinsu yana zuba ba su da ta cewa. Ranar 13 ga Disamba shi Conte ya fito ya ba da haƙuri, ya ce an fasa. Amma da yawa daga waɗanda suka tafi sun riga sun tafi. Daga baya, a Nuwamba 2024, kamfanin Apple ya tilasta a riƙa ba shi kashi 30 cikin 100 na sabbin alkawuran da aka ƙulla ta manhajar Patreon a wayoyinsa, watau dillali ya samu nasa dillalin.

Kada wani ya ce wannan labarin Turawa ne. A ƙa'idar Babban Bankin Nijeriya da ta fara aiki a Janairu 2020, cajin tura kuɗi da bai wuce naira 5,000 ba naira 10 ne, daga nan zuwa 50,000 naira 25, abin da ya haura kuma naira 50. Mai tura naira 100 ya biya ushiri, mai tura miliyan ɗaya abin da ya biya bai kai a ambata ba. Manomin da ba shi da asusu kuwa sai ya je wurin mai POS, wanda galibi ba ya karɓar ƙasa da naira 100, saboda haka in kyautarsa naira 500 ce, humusinta ya tafi a hanya. A Mayu 2024 an fito da harajin tsaron intanet na rabin kashi ɗaya cikin 100 a kan kuɗin da a ke turawa, jama'a suka yi caa, aka janye shi cikin watan. A Disamba 2024 kuma harajin naira 50 a kan kuɗin da ya kai naira 10,000 ya iso su OPay da Moniepoint, waɗanda mutane suka ruga wurinsu tun farko domin sauƙin caji.

To, me shari'a ta ce? Abu na farko, ladan na tsakiya halal ne, kada zafin rai ya sa mu haramta abin da ba a haramta ba. Imamu Buhari ya ƙulla babi a kan ladan dillanci, ya kawo cewa Ibnu Sirina da Aɗa'u da Ibrahim da Hasan ba su ga laifinsa ba. Ko zakka, wadda ta ke haƙƙin matalauta, Alƙur'ani a Suratut Tauba ya ware wa masu aikin tattara ta rabo, malamanmu na mazhabar Malik kuma suka ce a ba su gwargwadon wahalarsu ko da mawadata ne. Kamfanin da ya sayi na'urori, ya ɗauki ma'aikata, ya tsare kuɗin mutane daga ɓarayi, ba a ce ya yi aikin banza ba. Mai POS ɗin ƙauye ma da kuɗinsa ya hau babur zuwa Funtuwa ya ɗauko takardun naira, ga haɗarin hanya wanda kowa ya sani a shekarun nan. Dillalin masara a kasuwar Dandume yana karɓar la'adarsa a kan kowane buhu, ba mu taɓa jin malamin da ya ce ya ci haram ba.

Sai dai ladan yana da sharaɗi, shi ne ya zama sananne kafin a shiga aiki, kuma da yardar ɓangarorin biyu. Ijarar da ba a san ladanta ba ɓatacciya ce a wurin malamai. Na tsakiya kuma wakili ne, wakili kuwa amintacce ne a kan abin da aka damƙa masa, ba shi da ikon ƙirƙiro wa kansa wata ƙofa. Labarin Ibnul Lutbiyya ya isa misali, mutumin da aka aika karɓar zakka ya dawo ya ware wani kaso ya ce wannan shi aka ba kyauta, Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hau mumbari ya tsawatar a kan haka.

Masu kamfani za su ce, ai mun rubuta a cikin sharuɗɗanmu cewa muna da ikon sauya caji duk sa'ad da muka ga dama, kuma kun danna kun yarda. A nan ne maganar ta ke da wuya, bai kamata mu tsallake ta da gaggawa ba. Gaskiya ne Musulmi yana kan sharaɗin da ya ɗauka, Suratul Ma'ida ma da umurnin cika alkawura ta buɗe. Gaskiya ne kuma cewa mai gidan haya yana iya ƙara kuɗi in shekara ta ƙare, ba wanda ya ce farashin bara ya ɗaure shi har abada. Amma sharaɗin da ke cewa ina iya sauya kowane sharaɗi, wannan sharaɗi ne mai cinye 'yan'uwansa. In ka yarda da shi, me ka yarda da shi ke nan? Ka yarda da abin da ba ka sani ba, shi ne kuwa ainihin abin da malamai suka ce yana ɓata ciniki. Abin da na ke gani, Allah ne masani, ƙari yana halatta ga abin da ke gaba, bayan sanarwa bayyananniya da wa'adi mai isa, da kuma buɗaɗɗiyar ƙofa ga wanda bai yarda ba ya fita da kayansa. Wannan na ƙarshen shi ne a ke yawan mantawa. Kayan mai fasaha su ne masoyansa, waɗanda ya shekara biyar yana tarawa ɗaya bayan ɗaya. In sunayensu da hanyar isa gare su duk suna kulle a hannun dandali, to, ce masa in bai yarda ba ya tafi daidai ya ke da ce wa manomi ya tafi bayan an riga an juye masararsa a rumbun wani. Yardar da aka karɓa a irin wannan hali sunanta yarda, amma jikinta tilas ne. Su Patreon ɗin ma sun nuna an iya yi ta wata hanya, domin a 2019 da suka fito da sabon tsari na kashi 5 da 8 da 12, sababbin shiga suka ɗora wa, suka bar na dā a kan abin da aka yi da su.

Akwai kuma abin da ya wuce halal da haram na ciniki, shi ne a kan wa nauyin ke sauka. Suratul Muɗaffifina ta yi narko ga masu cika mudu in za su karɓa su tauye in za su bayar. Caji na bai-ɗaya, wanda ba ya duban girman kyauta, ba a ce tauye mudu ne kai tsaye ba, tun da an faɗe shi a fili. Amma sakamakonsa shi ne mudun talaka ya fi na mai kuɗi zurfin rami. Nasa'i ya ruwaito hadisin da ke nuna dirhami ɗaya ya rinjayi dubu ɗari, domin mai shi biyu kaɗai ya mallaka ya ba da ɗaya. Lissafin kamfani kuwa akasin haka ya ke, a wurinsa mai dirhami ɗaya wahala ce, gara babba ɗaya da ƙanana ɗari. In aka bi wannan lissafi har ƙarshensa, ƙananan hannuwa za su janye, mai fasaha ya waiwaya ya ga ba wanda ya saura sai masu manyan riguna, ya koma gidan jiya, yana wasa wanda bai cancanta ba yana zagin wanda aka nuna masa. Duk wanda ya saurari waƙoƙin lokacin zaɓe ya san inda wannan hanya ta ke kaiwa.

Shi ma mai fasaha ba a sake shi ba. Kuɗin da ya roƙa da sunan wani aiki ayyananne, waƙa ko littafi ko fim, ya tashi daga kyauta tsantsa ya zama alkawari a wuyansa, ko ya cika ko ya mayar. Wajibi ne kuma ya gaya wa masoyansa nawa ke isowa hannunsa daga abin da suka tura, domin da yawa suna zaton duka ne. Kada kuma ya ɗauka cewa tun da ya kuɓuta daga ubangida ɗaya ya kuɓuta ke nan. Taro ma ubangida ne, wani lokaci ya fi sarki son a faɗa masa abin da ya ke so ya ji, kuma shi ba a yi masa kamun ƙafa. Mun ga masu wa'azi ma, ba mawaƙa kaɗai ba, waɗanda yawan mabiya a waya ya sauya musu harshe.

Ga mu masu bayarwa kuwa, dabarar kakanninmu ta adashi da gayya tana nan da amfaninta. A ce mutum ashirin a Tsiga suna son taimaka wa wani marubuci da ke Kano, kowa da naira 500. In kowa ya je wurin mai POS shi kaɗai, naira 2,000 ta tafi a caji, kuɗin mutum huɗu ke nan cur. In suka damƙa wa amintacce ɗaya mai asusu, ya rubuta sunayensu, ya tura naira 10,000 a dunƙule, cajin banki da harajin naira 50 duka ba za su kai naira 100 ba a bisa waccan ƙa'ida ta 2020. Manomi kuma ba ɗan albashi ba ne da za a ce ya riƙa bayarwa wata-wata ana yankarsa sau goma sha biyu. Ya bari sai kaka, in ya kai masara ko waken suya kasuwa, ya ba da na shekara gaba ɗaya, shi kuma wakilin ya nemi marubucin ya aiko da shaidar abin da ya shiga hannunsa, a karanta wa waɗanda suka bayar.